Saƙo ta Bakin Na Uku: Kalmomin Sifaniyanci a Hannun Masu Bayani da Turanci

A shekarar 1591 aka buga wani littafi a Landan mai suna Bibliotheca Hispanica, aikin Richard Percivale, wanda ya haɗa nahawun Sifaniyanci da ƙamus mai bayani cikin Ingilishi da Latin. Shekara uku ke nan kacal bayan tarwatsewar rundunar jiragen ruwan da Sarki Philip na Biyu ya tura don cin Ingila da yaƙi a 1588. A 1599 John Minsheu ya faɗaɗa aikin. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Mai jin Ingilishi ya fara zama don koyon Sifaniyanci ne a zamanin da masu harshen suke abokan gabarsa a teku, a coci, da kuma kasuwa, kuma wannan mafari bai gushe yana bin sawun kalmomin ba.

Hujjar da nake son kafawa ita ce, bayanin da ake yi wa mai jin Turanci game da kalmomin Sifaniyanci da al'adun masu harshen amsa ce ga tambayoyin Bature, an auna ta da tarihinsa da bukatunsa. Tana yi wa wanda aka yi dominsa aiki. Matsala tana tasowa ne idan na uku ya zo ya ɗauki wannan amsa a matsayin ainihin ma'anar kalmar. Mu kuwa na ukun ne. Kusan duk abin da mai karatun Hausa ya sani game da Sifaniya da Meziko da Ajantina da Kyuba, ta bakin Turanci ya iso masa: sharhin wasannin La Liga a gidajen kallon ƙwallo, labaran kamfanonin dillancin labarai da ake fassarawa zuwa Hausa, fina-finan soyayya na Latin Amurka da aka ɗora wa muryoyin Turanci, da tsofaffin fina-finan kaboyi. Sifaniyanci harshe ne da kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a baki, harshen hukuma a ƙasashe kusan 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da gaɓar tekun Nijeriya, amma muna jinsa ne daga bakin tafinta guda.

Mu fara da kalmar da kunnuwanmu suka saba da ita a 'yan shekarun nan, wato "junta". Bayan juyin mulkin Mali a 2020, da na Burkina Faso a 2022, da na Nijar a watan Yulin 2023, jaridun Turanci ba su da wata kalma da ta wuce ta. A Turanci ma'anarta ɗaya ce: gungun hafsoshin soja da suka ƙwace mulki. A Sifaniyanci kuwa ta fito daga "juntar", wato haɗawa ko tarawa, kuma tana nufin kowane irin zama na mutanen da aka ɗora wa wani aiki. Kwamitin gudanarwa na kamfani "junta directiva" ne. Taron mazauna unguwa "junta de vecinos" ne. Zaɓaɓɓiyar gwamnatin yankin Andalus da ke zaune a birnin Sevilla sunanta Junta de Andalucía. Idan mai Sifaniyanci yana nufin ta soja, sai ya ƙara sifa ya ce "junta militar". Turanci ya yar da sifar ya riƙe sunan, sai ma'anar sifar ta maƙale a jikin sunan.

Tarihin kalmar ma ya saɓa da abin da Turanci ya mayar da ita. A 1808, lokacin da Napoleon ya tsare Sarki Fernando na Bakwai ya ɗora ɗan'uwansa Joseph a gadon sarautar Sifaniya, larduna suka kafa majalisun kansu da wannan suna don su riƙe mulki su ƙi mamayar. Biranen Amurka ta Kudu suka bi sahu a 1810: Karakas a watan Afrilu, Buenos Aires a ranar 25 ga Mayu, Santiyago a watan Satumba. Daga waɗannan majalisu ne fafutukar 'yancin kai ta tsiro. Ga ɗan Ajantina, Primera Junta, wato majalisar nan ta Buenos Aires, suna ne da yake koya a firamare da alfahari. Sai juye-juyen mulki na ƙarni na 20, musamman na Chile a 1973 da na Ajantina a 1976, suka rufe wannan tarihi a idon mai karanta jaridar Turanci. Daga yaƙin 1808 zuwa 1814 ɗin nan ne kuma Turanci ya samo "guerrilla", tsigalau na "guerra", ƙaramin yaƙi, abin da muke kira yaƙin sunƙuru. Turanci ya mayar da sunan yaƙin sunan mayaƙin, alhali Sifaniyanci yana da "guerrillero" don mutumin.

"Vigilante" ta fi waɗannan nisan tafiya, domin ta iso har cikin Hausa. A Madrid, mutumin da ke tsaye a ƙofar banki da kakinsa shi ne "vigilante", mai gadi ke nan. A yammacin Amurka, bayan kwamitocin sa-ido da 'yan kasuwar San Francisco suka kafa a 1851 da 1856, waɗanda suka riƙa kama mutane suna ratayewa ba tare da kotu ba, kalmar ta koma nufin mai ɗaukar doka a hannunsa. Daga Turancin Nijeriya muka samo 'yan bijilanti, kuma a bakinmu ta ɗan koma kusa da gida: masu gadin unguwa da ƙauye da jama'a suka sani, ko da yake inuwar ma'anar Amurka tana biye da su duk lokacin da aka zarge su da wuce gona da iri.

Babbar ƙofar da Sifaniyanci ya bi ya shiga Turancin Amurka ita ce yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko. Idan aka haɗa da Teksas, Meziko ta rasa fiye da rabin ƙasarta: Kalifoniya, Nevada, Utah, mafi yawan Arizona da New Mexico, da sassan wasu jihohin. Baƙin da suka kwararo daga gabas sun tarar da mutane masu sana'ar kiwon shanu a kan doki, sana'ar da su ba su iya ba, sai suka koye ta tare da kalmominta. "Vaquero", makiyayin shanu, ya zama "buckaroo". "La reata", igiyar ɗaure dabba, ta zama "lariat", an haɗiye harafin ma'rifa an mayar da shi cikin kalmar, kamar yadda aka yi wa "el lagarto", ƙadangare, tun ƙarni na 16 har ya zama "alligator". Haka "rodeo" da "rancho" da "corral" da "lazo" da "estampida". Kaboyin da muka taso muna kallo a majigi a matsayin tambarin Ba'amurke, kayan aikinsa da sunayensu na Meziko ne. Harold Bentley ya tattara irin waɗannan kalmomi a ƙamusinsa na 1932.

Amma a lura da abin da ya sami kalmomin da ba na kiwo ba. "Juzgado", kotu, ta zama "hoosegow", kalmar barkwanci ta gidan yari. "Barrio" a Sifaniyanci kowace unguwa ce. Barrio de Salamanca na cikin unguwannin masu kuɗi na Madrid. A Turancin Amurka unguwar talakawan Latin ce. "Peón", ɗan ƙodago, ta zama kalmar raini. "Sombrero" kowace irin hula ce mai baki, daga "sombra", inuwa, amma a Turanci malafar nan ce mai faɗi da ake zana wa Bameziken da ke gyangyaɗi a gindin bango. "Macho" namijin dabba ne, kuma kamar yadda muke cewa namijin ƙoƙari ko namijin duniya, tana iya ɗaukar yabo. A Madrid abokai na kiran juna da ita a hira. "Machismo" kuwa kalma ce da masu Sifaniyanci suke amfani da ita don sukar danne mata a cikin al'ummarsu, har "violencia machista" ta zama kalmar yau da kullum a labaran Sifaniya, ƙasar da ta yi doka ta musamman kan cin zarafin mata a 2004. Da Turanci ya are ta, sai ta zama kamar wani hali ne na jinin mutanen Latin, cuta mai sunan baƙi, wadda ba a gida take ba.

Jane Hill, masaniyar ilmin harshe da al'umma a Jami'ar Arizona, ta yi shekaru tana nazarin wannan ɗabi'a, ta kira ta Sifaniyancin izgili, ta kuma tattara hujjojinta a littafinta na 2008. Abin da ta nuna shi ne, Ba'amurken da bai iya harshen ba yana ɗauko kalmar Sifaniyanci ne a inda yake son raha, ko arha, ko lalaci, ko ƙazanta, har ya ƙirƙiri irin su "no problemo", wadda babu ita a harshen. Shi mai faɗa yana jin ya nuna sakin jiki da wayewa. Amma raha ba ta tashi sai mai sauraro ya riga ya yarda cewa masu harshen mutane ne na wasa.

"Mañana" ce ta fi shan wannan wahala. Ma'anarta safiya, kuma gobe. A Turanci ta zama sunan jinkirin da ba shi da ranar ƙarewa, kuma ana jingina shi ga ɗabi'ar mutanen baki ɗaya. Gaskiya ne su ma sun koka da abin: Mariano José de Larra ya rubuta shahararriyar maƙalarsa Vuelva usted mañana a 1833 yana caccakar je-ka-ka-dawo na ofisoshin Madrid. Sai dai akwai tazara tsakanin ɗan gida da ke sukar ma'aikatan gwamnatinsa don a gyara, da baƙon da ya ɗauki kalmar gobe ta mutane ya mayar da ita hukunci a kansu.

"Siesta" ta fito daga Latin, "sexta", sa'a ta shida daga fitowar rana, wato tsakar rana. Mai bayani da Turanci yakan fara da mamaki: wai mutane su rufe shago su kwanta da rana tsaka. Mamakin na ƙasar sanyi ne. Wanda ya san zafin Kurɗuba a watan Yuli, inda ma'auni kan wuce digiri 40, ko ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ba ya bukatar a ba shi uzuri, kuma wanda ya yi karatun zaure yana da sunan abin, ƙailula. Abin da jerin kalmomi na masu yawon buɗe ido ba ya faɗa shi ne, dogon hutun rana a Sifaniya yana tafiya ne da raba yinin aiki gida biyu, a koma da yamma a tashi wajen ƙarfe takwas na dare, kuma ma'aikacin babban birni ba ya samun komawa gida balle ya kwanta. Ga kuma batun agogo. Layin Greenwich ya ratsa gabashin Sifaniya, amma a watan Maris na 1940 gwamnatin Franco ta tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, ba a kuma mayar da shi ba. Ƙarfe biyun da Basifane ke cin abincin rana, a lissafin rana ƙarfe ɗaya ne a lokacin sanyi, tsakar rana kuwa a lokacin zafi. Baƙo ya ga mutane masu makara. Abin da ke gabansa kuwa agogo ne mai gaggawa.

Akwai wani rukunin masu bayani da suka zo da ƙauna, kuma tasirinsu ya fi na masu raini dorewa. Washington Irving da labaransa na Alhambra a 1832, Richard Ford da littafin jagoran matafiya na 1845, sai Ernest Hemingway, wanda ya rufe Death in the Afternoon na 1932 da dogon jerin kalmomin wasan bijimai da bayaninsu. Hemingway ya san abin da yake faɗa, ya kuma yi gargaɗi cewa sunan da Turanci ya ba wasan, faɗa da sa, bai dace da "corrida de toros" ba. Masu son wasan ba sa ɗaukarsa gasa, shi ya sa manyan jaridun Madrid suke sa rahotonsa a shafin al'adu. Amma zaɓin abin da za a bayyana shi kansa hukunci ne. Sifaniyar da ta fito daga waɗannan littattafai ta bijimai ce, da rawar flamenko, da "fiesta", da "duende", ɗan aljanin gida da Federico García Lorca ya mayar da shi sunan abin da ke sauko wa mawaƙi a laccar da ya gabatar a Buenos Aires a 1933. Ba a cika bayyana wa mai karatu cewa majalisar Kataloniya ta haramta wasan bijimai a 2010 ba, ko cewa kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016, wato al'amari ne da 'yan ƙasar suke jayayya a kansa har gobe.

Mai adawa da wannan hujja zai ce: ai haka aro yake a ko'ina. Harshe ba ya aron kalma sai don ta cike masa wani gurbi, don haka dole ma'anarta ta ƙuntata. Mu ma mun ari kwana daga Turanci muka keɓe ta ga lanƙwasar hanya, mun ari alhaji daga Larabci muka miƙa ta ga duk mai hali ko bai taka Makka ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba na neman Turanci ya daina zama harshe. Abin da nake dubawa shi ne inda ƙuntatawar take fuskanta. Idan kotu ta zama kurkuku, majalisa ta zama gungun masu juyin mulki, mai gadi ya zama mai kisa ba shari'a, unguwa ta zama matattarar talauci, gobe ta zama lalaci, duk a hanya ɗaya, to ba a ce tsautsayi ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa rinjaye ne ke juya akalar ma'ana tana cikin Sifaniyanci kansa, domin abin da aka yi masa shi ma ya yi wa Larabci. Daga tsallakawar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a ranar 2 ga Janairun 1492, an yi kusan ƙarni takwas ana mulki da karatu da ciniki da Larabci a sassan Sifaniya. Rafael Lapesa ya ƙiyasta kalmomin da suka samo asali daga Larabci, har da sunayen wurare da rassan kalmomi, sun haura 4,000. Waɗanda aka ara lokacin da Andalus ke da ƙarfi kalmomi ne na fasaha da mulki: "acequia", magudanar ban-ruwa, "aceite", mai, "azúcar", sukari, "almacén", rumbun ajiya, "albañil", magini. Da zamani ya juya, Philip na Biyu ya haramta wa zuriyar Musulmin Garnaɗa magana da Larabci a 1567, aka kuma kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614, sai wasu kalmomin suka faɗi tare da masu su. "Algarabía", wato al-arabiyya, sunan harshen kansa, yau tana nufin hayaniyar da ba a gane kanta. "Zalema", daga sallama, ta zama rusunawar fadanci. "Mezquino" ta bar talaka ta koma marowaci mai ƙaramin hali. "Alguacil", wanda shi ne al-wazir, ya sauko har ya zama ɗan aiken kotu ko na ƙaramar hukuma. Mu da muka karɓi waɗannan kalmomi ta hannun malamai da fatake, da girmamawa, miskininmu yana nan abin tausayi da sadaka, wazirinmu yana nan kusa da sarki, sallamarmu kuma sallama ce. Tushe ɗaya, makoma biyu, kuma bambancin yana ga matsayin mai harshen a idon wanda ya ara.

A nan ne batun ya koma kanmu, domin akwai wuraren da hanyar Bahaushe zuwa Sifaniyanci ta fi ta Bature gajarta nesa ba kusa ba. Ɗauki "alcalde". Ƙamusin Turanci zai ba ka kalma ɗaya, magajin gari, ya wuce. Amma kalmar al-ƙadi ce, alƙalinmu ke nan, kuma har zuwa ƙarni na 19 mai wannan muƙami a garuruwan Sifaniya da yankunan da ta mallaka yana yanke shari'a. Wasan kwaikwayon Calderón de la Barca na ƙarni na 17, El alcalde de Zalamea, ba zai fahimtu ba sai an san haka, domin jigonsa manomi ne da aka naɗa wannan muƙami ya hukunta hafsan sojan da ya keta mutuncin 'yarsa. Har lafazin yana da labari. Harafin da almajirai ke kira lodi, Sibawaihi ya siffanta mafitarsa daga gefen harshe, kusa da lam. Mafi yawan Larabawan yau sun bar wannan furuci, amma ya bar sawunsa a gefuna biyu na Sahara. A Hausa ya zama lam: alƙali, alwala, farilla, larura, lamiri. A Sifaniyanci ya fito da lam a jikinsa: "alcalde", "aldea", ƙauye, "albayalde", farin fenti, "arrabal", bayan gari. Mai bayani da Turanci ba shi da dalilin tsayawa a nan, domin mai karatunsa ba zai ji komai ba. Mai karatunmu zai ji.

Haka "hasta", wadda take hatta ce. Haka "ojalá", wadda masana suka mayar da ita ga lafazin Larabcin Andalus mai ma'anar in Allah ya so. Jerin kalmomin Turanci sukan sa ta cikin waɗanda wai ba sa fassaruwa, su ce fata ce mai ƙarfi. Hausa tana da ita kashi biyu cif: Allah ya sa, ga abin da ake jira, da ina ma, ga abin da ya riga ya kuɓuce, kuma "ojalá" tana aiki a duka biyun gwargwadon siffar aikatau da ta biyo ta. Abin da za mu ƙara wa mai karatunmu shi ne gargaɗi cewa mai faɗinta a yau ba ya jin sunan Allah a cikinta; wanda bai yarda da addini ba ma yana faɗa. Irin wannan gargaɗi Bature ba ya bukatarsa, mu muna bukata, kuma babu wanda zai rubuta mana shi a Landan.

Wannan kusanci ba na lafazi kaɗai ba ne. Ishiriniya da ake rerawa a Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Kurɗuba. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, garin da ake kira Jaén a yau. Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita ta Ibn Asim ce, alƙalin Garnaɗa. Mai Shaɗibiyya ya ɗauki sunansa daga Shaɗiba, Xàtiva ta kusa da Valencia. Almajirin da ya sauke waɗannan littattafai ya san sunayen garuruwan Andalus kafin ya san akwai ƙungiyoyin ƙwallo a cikinsu.

Lakabin "ba ta fassaruwa" yana bukatar a yi masa tambaya duk inda aka gan shi: zuwa wane harshe? Littattafan koyon Sifaniyanci na Turawa sukan ɓata shafuka kan bambancin "tú" da "usted", saboda Turancin yau wakilin suna ɗaya gare shi ga sarki da yaro. "Usted" ta taƙaitu ne daga "vuestra merced", kalmar ban-girma da ake yi wa manya, shi ya sa aikatau ɗinta yake zuwa kamar ana maganar wani na uku. Yaron da aka hora ya ce wa mahaifinsa ku, ya ce wa hakimi ranka ya daɗe, ya riga ya gane ginshiƙin. Abin da ya rage masa shi ne sanin wuri: a Sifaniyar yau "tú" ta mamaye har ɗalibi yana faɗa wa malaminsa; a sassan Kolombiya da Kosta Rika ana faɗin "usted" tsakanin 'yan gida ɗaya; a Boyacá har yanzu ana jin "sumercé"; a Ajantina da Urugwai "vos" ce a madadin "tú".

"Compadre" kuwa Turanci ya mayar da ita aboki kawai. Asalinta dangantaka ce da baftisma ke ƙullawa tsakanin mahaifin yaro da mutumin da ya tsaya wa yaron a coci. Sidney Mintz da Eric Wolf sun nuna a maƙalarsu ta 1950 cewa a Latin Amurka igiyar da ke tsakanin manyan biyu ta fi wadda ke tsakanin yaron da uban baftismarsa nauyi: akwai bashi, akwai taimako ranar wahala, akwai kunya, har abokan da suka saba da "tú" sukan koma "usted" daga ranar. Talaka kan nemi mai gona ko mai shago ya zama "compadre" ɗinsa don ya sami bango. A da, dokar cocin Katolika tana ɗaukar wannan zumunta a matsayin abin da ke hana aure. Wanda ya san hukuncin shayarwa a fiƙihu ba zai yi mamakin zumuntar da ba ta jini ba amma tana haramta aure. Ya kamata a lura cewa wannan kyakkyawan bayani da Turanci aka rubuta shi. Ilmin yana nan a harshen. Abin da ke isowa kasuwa ne ya bambanta da abin da ke cikin mujallun jami'a.

Ko sunayen mutane ba su tsira ba. Mai Sifaniyanci yana ɗaukar sunan dangi biyu, na uba sannan na uwa, mace kuma ba ta sauya nata don ta yi aure. Gabriel García Márquez, García ne ta wajen uba. Turanci, da ya saba da cewa na ƙarshe shi ne na dangi, yakan kira shi Márquez, mu ma mu bi. A fagen ƙwallo kuma, "Real" ɗin da ke Real Madrid na nufin na sarki, laƙabin da Alfonso na Sha Uku ya ba ƙungiyar a 1920, kuma daga sunan tsohon kuɗin Sifaniya mai wannan suna aka samo riyal ɗin da alhazai ke canji. "Socio" ba magoyin baya ba ne kawai: mamba ne mai kati da ƙuri'a, kuma Real Madrid da Barcelona da Athletic Bilbao da Osasuna mallakar irin waɗannan mambobi ne. Wanda bai san wannan ba, zai riƙa tambayar wane attajiri ne mai Barcelona, ya kuma kasa gane dalilin da shugabanta yake yaƙin neman zaɓe.

Wani abin da taƙaitaccen bayani ke shafewa shi ne cewa harshen ba na ƙasa ɗaya ba ne. "Tortilla" a Madrid wainar ƙwai da dankali ce, a Meziko kuwa faifan gurasar masara. "Guagua" motar haya ce a Kyuba da tsibiran Kanari, jariri ce a Chile da ƙasashen tsaunukan Andes. Sunan harshen ma ana jayayya a kansa: tsarin mulkin Sifaniya na 1978 ya kira shi "castellano", don Katalanci da Baskanci da Galisiyanci su ma harsunan ƙasar ne. Cinco de Mayo da ake shagalinta a Amurka tunawa ce da nasarar Puebla a kan sojan Faransa a 1862. Ranar 'yancin Meziko 16 ga Satumba ce. Manyan laƙabobin da ake tara mutanen da su ma a Amurka aka ƙera su don bukatar Amurka. "Hispanic" ta samu gindin zama ne da ƙidayar 1980, kuma a ƙidayar 2020 ta rufe mutum miliyan 62, daga jikan Bameziken da iyaka ta tsallake kakanninsa a 1848 zuwa likitan da bai daɗe da baro Karakas ba. "Latinx", da jami'o'i da jaridun Turanci suka runguma, binciken cibiyar Pew na 2020 ya gano kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen da ake nufi suke kiran kansu da ita.

Aikin da ke gaban masu fassara da masu ƙamus na Hausa a bayyane yake, kuma bai kai girman da ake tsoro ba. Kalmomin Sifaniyanci da ke shigowa labaranmu da sharhin wasanninmu ba su da yawa. Kowace tana bukatar a duba ta a ƙamusin masu ita, wanda Real Academia Española, da aka kafa a 1713, take wallafawa tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, kuma yana buɗe kyauta a intanet har da asalin kowace kalma. Sannan a tambayi wa ke faɗinta, ga wa, a wace ƙasa, kafin a nemo mata abokiyar zama a Hausa. Masu iya wannan aiki suna kusa: ana koyar da Sifaniyanci a makarantun sakandare na Kamaru da Benin da Kodebuwa da Senegal, Cibiyar Cervantes ta buɗe reshe a Dakar a 2021, kuma akwai Hausawa a cikin waɗannan ƙasashe da suka bi ta waɗannan azuzuwa. Idan aka haɗa ɗaya daga cikinsu da malamin da ya san Larabcin littattafan Andalus da editan da ya san abin da mai sauraron rediyo zai gane, za a iya fara da kalmomin siyasa da na shari'a, domin su ne kuskure a cikinsu ya fi tsada.